Ɗanwaken Italiya a Bazarar Jakusko

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wani jan layi da malaminmu na darasin fassara ya yi mini a ƙarƙashin kalma ɗaya tak, lokacin muna aji uku. Layin nan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma sai da ya ci mudu guda na waken mahaifiyata, ya kuma sa mutanen gidanmu suka ɗauki azumi da ragowar tuwo. Ga yadda abin ya faru.

A farkon shekarar 2024 malam ya raba mana wata 'yar takarda da aka ciro daga mujallar girke-girke ta Turanci, ya ce kowa ya mayar da ita Hausa. Takardar tana bayani ne a kan wani abincin mutanen Italiya da ake rubuta sunansa gnocchi, amma a baki nyoki ake cewa. Dankalin Turawa ake dafawa a murƙushe shi, a zuba masa fulawa kaɗan, wasu su ƙara ƙwai, a murza shi ya yi tsawo kamar igiya, a yayyanka ƙanana, sannan a zuba a tafasasshen ruwa. Marubuciyar ta ce idan sanyi ya wuce, ganyaye suka fara tsirowa, sai a sa alayyafo irin nasu a cikin kwaɓin, abin ya fito kore shar. Da na zo wurin da ta ce alamar ya dahu ita ce ya taso saman ruwa, sai na ajiye biro na yi dariya ni kaɗai a ɗakin karatu. Na ce ashe dai ɗanwake ne ya sa kwat!

Ban yi wata-wata ba na rubuta kan magana kamar haka: "Yadda Ake Ɗanwaken Italiya Mai Ganye a Lokacin Bazara." Na miƙa ina jin babu wanda zai kamo ni. Da takardu suka dawo, malam bai taɓa "ɗanwaken Italiya" ba, har ma ya yi masa alamar yabo. Bazara ya ja wa layi, ya rubuta a gefe: "A garinku ganye yana tsirowa da bazara?" Na je na same shi na ce, "Malam, ai haka aka saba fassara kalmar." Ya ce, "Na sani. Idan kin je hutu ki duba, ki zo ki gaya mini."

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san cewa ni ba Bahaushiya ba ce. 'Yar Bade ce ni, daga Jakusko ta Jihar Yobe, a kan hanyar da ta tashi daga Potiskum zuwa Gashuwa. Da Badanci na buɗe baki, a firamare da kasuwa na tsinci Hausa. An koya mana a aji cewa Badanci da Hausa 'yan gida ɗaya ne, dukkansu daga reshen yamma na harsunan Cadi, kuma marigayi Farfesa Russell Schuh, wanda ya rasu a 2016, ya yi aiki mai yawa a kan harshen namu da na maƙwabtanmu Ngizim. To amma zumunci bai hana bambanci ba. Muna da ɓ da ɗ kamar Hausawa, ba mu da ƙ. Saboda haka har na shiga jami'a kanwa da ƙanwa duk kanwar ja ce a bakina, kuma 'yan ɗakinmu ba su bar ni na huta ba a kan wannan. Abin mamaki, kayan haɗin ɗanwake kusan duk tarko ne ga irina. Akwai gari mai dogon wasali, wanda ake tankaɗewa, da gari mai gajeren wasali, wanda ake zama a cikinsa. Akwai kuka ta miya, wadda karin sautinta ke sauka a gaɓar ƙarshe, da kuka na hawaye, wanda yake tafiya sama-sama. Duk na haddace su, na ci jarrabawa a kansu. Abin da ban taɓa yi ba shi ne kwaɓa ɗanwake da hannuna, domin a gidanmu tuwon gero da burabusko da miyar kifi muka iya. Ɗanwake kuwa saye ake yi wurin wata dattijuwa 'yar Haɗeja da aure ya kawo unguwarmu tun ba a haife ni ba, wadda kowa ke kira Iya.

Hutunmu ya zo daidai da azumi, wanda a shekarar ya kama ranar Litinin 11 ga Maris. Tun a mota, kafin in sauka, na fara ganin amsar tambayar malam ta taga. Ƙasa ta bushe ƙayau, gonaki babu komai sai kututturen gero, kukoki sun tsaya tsirara ba ganye ko ɗaya. Duk wanda ya san yankin Gashuwa da Nguru ya san cewa idan Afrilu ta kama zafi kan haura digiri 40. Watannin Maris zuwa Mayu da Turawa ke murnar fitar furanni, su ne watannin da mu ke kwana a tsakar gida muna yayyafa wa tabarma ruwa. Wata ɗaya ne a kalanda, amma ba lokaci ɗaya ba ne.

Sai dai kuma ban yarda na faɗi ƙasa warwas ba, domin akwai kore a bazararmu, a fadama yake. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa a ƙasarmu kafin su haɗu su zama kogin Yobe, kuma a cikin waɗannan fadamu da suka miƙe daga wajen Gogaram, tsohuwar cibiyar masarautar Bade, har zuwa Nguru, ake noman rani. Mahaifina yana da ɗan lambu inda yake shuka tumatir da albasa da tattasai da alayyafo, ga zogale a bakin shinge. Tsofaffi suna cewa a da ruwa da kansa yake zuwa ya kwanta ya koma, amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka biyo da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta canza hali, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Yanzu injin ban ruwa ne ke raya lambun Baba, shi kuwa inji fetur yake sha, fetur ɗin da tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Wato kowane damin alayyafo da Baba ya shigo da shi gida, akwai kuɗin mai a jikinsa. Ganyen Bature ruwan sama da ɗumin rana ke fito da shi kyauta, namu sai an biya.

Duk da haka sai shaiɗanin karambani ya raya mini cewa in haɗa biyun, in yi ɗanwake mai ɗanyen ganye a ciki irin na takardar malam, in ba mutanen gida su yi sahur da shi, tun da kowa ya san ɗanwake da riƙe ciki. Na sami mahaifiyata da maganar. Ta dube ni ta dubi buhun wake, wanda ya riga ya kwanta, ta ce, "Banda na iri, abin da ya rage ke nan. Kin iya?" Na ce, "Inna, shekara uku fa ina karanta Hausa." Wallahi haka na ce, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni. Ta auna mudu guda ta ba ni. Na haɗa da busasshen rogo na kai inji, na tankaɗe, na jiƙa kanwa, na yanka alayyafo dami biyu na kai markaɗe ya zama kamar ruwan miya.

Ƙarfe 3 na dare na tashi na hura wuta. Na juye markaɗaɗɗen ganyen nan a cikin gari, na bi shi da ruwan kanwa. Da na zo kan kuka sai na sa 'yar kaɗan, wai don kada ta ɓata mini launi, ni kore nake so irin na hoton da ke jikin takarda. Kwaɓin ya fito yana zuba ta tsakanin yatsuna, amma na ce wa kaina idan ya ji wuta zai haɗe. Lokaci yana tafiya, ruwa bai gama tafasa ba, na fara jefawa. Na rufe tukunya na zauna ina jiran ya taso kamar yadda marubuciyar ta yi alkawari. Abin da ya taso kumfa ce, ta yi ambaliya ta kusa kashe wutar. Na sa matsami na laluba har gindin tukunya, ban kamo ko ƙwaya ɗaya ba. Ya narke gaba ɗaya, ya zama wani koren kunu mai warin ɗanyen wake, wanda ko akuyarmu da aka zuba mata da safe shinshinawa kawai ta yi.

Lokacin sahur ya ƙure. Inna ba ta ce uffan ba, ta ɗauko ragowar tuwon buɗa-baki ta ɗumama, aka raba wa mutum bakwai abin da bai kai cin mutum uku ba. Ƙanena ya leƙa tukunya ya ce, "Yaya, wannan ne Italiyan?" Baba ya daka masa tsawa, ya ci lomarsa biyu ko uku, ya sha ruwa, ya tafi masallaci. Da gari ya waye ya ɗauki fartanya da galan ɗin fetur ya nufi fadama, inda zai wuni a rana. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ranar nan ban iya haɗa ido da kowa ba, kuma a nan na san bambancin kuka da kuka ba tare da alamar karin sauti ba.

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Bayan la'asar na saka hijabi na nufi gidan Iya. Na same ta tana tankaɗe, domin da azumi cinikinta na dare ne.

"Iya, ina wuni? Ya ibada?"

"Lafiya lau, 'yar nan. An dawo daga bokon? Na ji an ce jiya kin yi wa Malam kunun ganye."

Ashe labari ya riga ni zuwa. Na zauna na zayyana mata komai, kuma don in nuna mata cewa yanzu bakina ya gyaru, sai na matse maƙogwaro na ce, "Iya, kuma fa na jiƙa ƙanwata tun da yamma." Ta ajiye rariya ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ƙanwar taki kika jiƙa? To shi ya sa. Mu nan kanwa muke jiƙawa." Ga shi dai na koyi ƙ, amma na kai ta inda ba a gayyace ta ba.

Da ta gama dariya sai ta ce, "Ɗanwake ba ya son ruwa biyu. Ruwan kanwa ya ishe shi. Ke kin ba shi ruwan ganye, kin hana shi kuka, sannan kin jefa shi ruwa bai tafasa ba. Me zai riƙe shi?" Na ce, "Iya, ni so nake a sami ganye a ciki, irin yadda Turawa ke yi." Ta ɗebo garin kuka a tafin hannunta ta miƙo mini har kusa da hanci, ta ce, "Ganye kike nema a cikin ɗanwake? To wannan mene ne, dutse?"

Jama'a, na yi shiru. Tun ina goye nake shan miyar kuka, na san ana hawa bishiya a ciro ganyenta da damina, a shanya a inuwa don kada rana ta cinye korensa, a daka a tankaɗe a adana. Amma saboda kullum a matsayin gari nake ganinta, ban taɓa lissafa ta a cikin ganye ba. Ashe abin da na ɗauko daga Italiya ina ta fama, yana nan a tukunyar Iya shekara da shekaru. Bambancin kawai shi ne, su ganyensu ɗanye ne saboda lokacinsa ke nan a ƙasarsu, mu kuwa namu an ajiye shi ne tun damina domin irin wannan lokaci da bishiya ba ta da abin bayarwa. Kuma ba don ado ake sa shi ba. Garin wake da na rogo ba su da danƙo irin na alkama, yauƙin kuka ne ke ɗaure su, kanwa kuma ta fito da yauƙin ta tausasa waken. Ba banza aka ce da ita uwar gami ba. Busasshen ganye shan ruwa yake yi, ɗanye kuwa zubar da nasa yake yi a cikin kwaɓi. Ni na cire mai ɗaurewa na zuba mai kwancewa.

Ita kanta kanwar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daga ƙasar Manga, arewa da mu har cikin Nijar, ake haƙo ta, kuma tana cikin kayan da suka raya kasuwar Nguru bayan da layin dogo daga Kano ya iso garin a 1930. Wato ɗanwake, wanda nake ɗauka abincin Hausawa ne zalla, da kanwar maƙwabtanmu yake tsayuwa.

Washegari na koma da littafi da biro, da mudun wake da na saya da kuɗin da na ware don kwafar takardun zango na gaba. Nan ma wata sabuwa ta taso. Na ce, "Iya, kuka cokali nawa?" Ta ce, "Daidai." Na ce, "Daidai nawa?" Ta ce, "Daidai yadda zai yi." Ruwan kanwa fa? "Kada ya yi yawa ya yi baƙi da ɗaci, kada ya yi kaɗan ya yi tauri." Na riƙe biro ban san abin da zan rubuta ba. Da ta ga haka sai ta karɓe littafin ta ajiye a kan turmi, ta kama hannuna ta cusa a cikin kwaɓin, ta ce, "Ji nan." Na ji shi da santsi da nauyi, yana bin hannu amma idan an girgiza sai ya saki. Ta ɗiga ruwa kaɗan a gefe guda ta ce, "Ji nan kuma. Wannan ya yi ruwa." A aji mun yi nazarin yadda kalmar ji take ɗaukar aikin kunne da na hanci da na harshe da na fata, har da fahimta, shi ya sa ake cewa wane yana jin Hausa. Na rubuta wannan a jarrabawa na sami maki. Amma a gaban murhun Iya ne aka fara ce mini in ji magana da yatsu.

Ta nuna mini sauran. Sai ruwa ya tafasa yana juyi ake fara saki. Ana ajiye ruwa a ƙwarya a gefe ana tsoma hannu don kada kwaɓi ya manne. Da kan yatsu ake gutsura, ƙanana, ba a yi masa curi, domin babba ba ya nuna a ciki. Idan kumfa ta taso a yayyafa ruwan sanyi, kuma ba a rufe tukunya ruf. Tasowarsa sama ba ita ce ƙarshe ba, a nan ya bambanta da na Italiya wanda ake kwashewa da zarar ya taso. Wake yana son a ƙara masa lokaci, sai an ciro ɗaya an raba shi an ga babu fari a tsakiya. Sannan a tsame a zuba a ruwan sanyi.

Game da ɗanyen ganye kuwa, da ta ga na nace sai ta yi mini sassauci. Ta ce in bar alayyafo, ruwa ne da shi, in ɗauki zogale cikin hannu ɗaya, in zuba masa ruwan zafi, in matse shi a tsumma mai tsabta har ya daina ɗiga, in daka, kuma kada in rage kuka ko kaɗan. "Sauran kayan lambun ubanki kuwa," in ji ta, "a sama ake sa su, inda ido zai gan su." Daga baya na gano cewa su ma Italiyawan matse ganyensu suke yi kafin su kwaɓa, har suna da wani iri na alayyafo da cuku da suke kira malfatti, wato waɗanda ba a yi su da kyau ba. Wannan suna ya ɗan sanyaya mini rai. Na kuma karanta cewa a Ajantina da Uruguwai, inda Italiyawa suka yi ƙaura da yawa, ranar 29 ga kowane wata ake cin nyoki, lokacin da albashi ya ƙare. Ashe can ma abincin mai ƙaramin ƙarfi ne, kamar yadda ɗanwake yake ga leburori da mu ɗalibai. Hatta dankalinsu da rogonmu daga wuri ɗaya suka fito, wato Kudancin Amurka.

Daren 20 ga azumi na sake tashi ƙarfe 3. Wannan karon Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofa, wai iska take sha, amma na lura ta ajiye tukunyar tuwo kusa da ita. Na jira ruwa ya tafasa sosai, na yi bisimilla na fara saki. Minti kaɗan sai ga su suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowane da siffarsa, babu biyu masu kama da juna. Na soya man gyaɗa da albasa, na yanka tumatir da albasa da latas na lambun Baba, na barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli. Launinsa bai yi kore irin na hoton ba, ya fi kusa da launin ganyen da ya sha ƙura. Baba ya cinye kwanonsa tas, ya bi shi da ruwa kofi uku. Da ya dawo daga fadama da yamma ya ce bai ji yunwa ba har la'asar, "amma ƙishirwa kam, sai dai Allah ya ba da lada." Idan za a bi gaskiya, na Iya wanda ba zogale a ciki ya fi nawa daɗi, domin zogalen ya kawo wani ɗan ɗaci-ɗaci da ba a bukata. Inna ma haka ta ce, sannan ta tambaye ni yawan kukar da na sa. Na ce mata daidai.

Kafin in bar gida, bayan salla da 'yan makonni, na ga kukar bayan gidanmu ta fara fitar da ƙananan ganye alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Haka take yi, tana riga damina. Gawo kuwa, wanda ya wuni da ganyensa duk rani, shi a lokacin yake shirin zubarwa.

Da muka koma makaranta na kai wa malam takardata, na goge bazara na rubuta "lokacin tsirowar ganye bayan hunturu." Ya ce, "Ya yi tsawo. Me ya hana ki ce farkon damina?" Na ce, "Malam, namu ganyen bayan zafi yake zuwa, nasu bayan sanyi. Idan na ce damina, mai karatu zai ji ƙamshin ƙasa da tsawa, su kuwa ba shi suke nufi ba." Ya gyaɗa kai, na ba shi labarin koren kunu da na Iya, ya yi dariya har ya cire tabarau. Maki dai bai ƙara mini ko ɗaya ba, shida bisa goma ya bar ni. Sai da na kai bakin ƙofa ya kira ni ya ce idan zan dawo daga hutu na gaba in taho masa da kukar Jakusko, wai ta kasuwar nan a rana ake shanya ta, duk ta yi ja.